Sarƙa da Haƙoran Giya a Tseren Go-kat: Me Ya Sa Haƙori Ɗaya Ke Raba Na Gaba da Na Baya?

Duk wanda ya fara sha'awar ƙananan motocin tseren nan da ake kira go-kat, ko a wuraren shaƙatawa na Abuja ya fara hawa ko a intanet ya gani, yakan yi tuntuɓe da abu biyu. Na farko, dokokin gasanni da yawa sun hana taɓa cikin inji. Ana ɗaure shi da waya a buga masa hatimi, sannan akwai na'urar da ke yanke masa wuta idan juyinsa ya kai wani adadi. Na biyu, da mutum ya je sayen sarƙa sai a jero masa lambobi: 219, 35, 420, 428, kowace da faifanta. Abubuwan nan biyu a haɗe suke. Tunda an rufe ƙofar ƙara wa inji ƙarfi, abin da ya rage wa makanike shi ne yadda zai isar da ƙarfin da ke akwai zuwa taya, wato sarƙa da faifai biyu masu haƙora.

Yadda ƙarfi ke isa taya

Tun kat ɗin farko da Art Ingels ya haɗa a Kalifoniya ta Amurka a 1956, tsarin bai canza sosai ba. A kat ɗin tsere na yau, inji yana gefen direba. A bakinsa akwai ƙaramin faifai na ƙarfe, yawanci manne da kuloci mai kama kansa idan juyi ya ƙaru. A baya akwai aksul, sanda guda da ta haɗa tayoyin biyu, wadda kaurinta ke kai milimita 50 a kat na manya, kuma a jikinta aka ɗaura babban faifai na alminiyam. Sarƙa ce ke haɗa su. Babu shokazoba, babu abin da ke raba gudun tayar hagu da ta dama, kuma a mafi yawan azuzuwa babu akwatin giya.

Akwai waɗanda suka fita daga wannan tsari. Ajin KZ na da giya shida kamar babur, injin Rotax DD2 kuwa giya biyu gare shi kuma ba ya amfani da sarƙa sam. Amma ga sauran, giya ɗaya ce tak za ta fitar da mota daga kwana mafi matsi, ita ce kuma za ta kai ta ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya mafi tsawo. Daga nan duk gardamar ta samo asali.

Lissafin giya

A raba haƙoran faifan baya da na gaba. Idan na baya 80 ne na gaba 12, an sami 6.67, ma'ana inji zai juya kusan sau bakwai kafin taya ta juya sau ɗaya. Adadin nan idan ya hau, mota na samun tashi amma gudunta na ƙarshe ya ragu. Idan ya sauka, gudu ya ƙaru, tashi ya yi nauyi. Mai babur da ke ɗauko buhunan dankalin turawa daga Bokkos ya san wannan ba tare da alƙalami ba: idan ya sa babban faifai a baya, babur zai hau tudu da kaya, amma a kan kwalta sai ya yi ta kuka ba ya gaba.

A ɗauki injin Rotax Max mai cc 125 na manya, wanda juyinsa ke tsayawa wajen 14,000 a minti. Kewayen tayar baya ta tsere kusan mita 0.87 ne. Da 12 a gaba da 76 a baya, iyakar gudun da lissafi ya ba da shi ne kilomita 115 a awa. Da 80 ya koma kusan 110, da 84 kuma 104. Wanda ya tsaya nan zai ce ai 76 ce ta fi. To amma a duba ɗaya gefen. A kwanar da dole a sauko zuwa kilomita 45 a awa, mai 76 zai tarar injinsa na juyi wajen 5,450, mai 84 kuwa ya haura 6,000 kaɗan. Inji irin wannan, wanda ake haɗa masa fetur da mai, ba shi da kuzari a ƙasa; ƙarfinsa na sama, kusa da 11,500. Juyi ɗari shida a bakin kwana shi ne bambancin motar da ta zabura da wadda ta tsaya tana nishi, kuma tazarar da aka ba mutum a nan yakan yi wuya ya biya ta kafin birki na gaba.

Haƙoran gaba da na baya ba darajarsu ɗaya ba. Ƙara ɗaya a baya, daga 80 zuwa 81, canji ne na kashi 1.25 cikin ɗari. Rage ɗaya a gaba, daga 12 zuwa 11, ya kai kashi 9, daidai da ƙara haƙora bakwai a baya. Shi ya sa ake zaɓen faifan gaba gwargwadon girman fili tun kafin a sauke mota, sannan a yi ta gyara da na baya. Masu tsere da gaske sukan zo da faifan baya jere, kowane ya ɗara ɗan'uwansa da haƙori ɗaya.

Akwai kuma iyaka ga ƙanƙantar faifan gaba. Sarƙa ba ta naɗuwa a da'ira sumul, a gaɓa-gaɓa take lanƙwasa, don haka gudunta na ɗan hawa da sauka a kowane haƙori. A faifai mai haƙora 17 wannan rawar ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba, a mai 12 ta haura kashi 3, a mai 10 ta kusa kashi 5. Ƙaramin faifai na cin sarƙa da sauri, shi ma yana cinyewa. Inda za a iya samun lissafi ɗaya ta hanya biyu, misali 10 da 70 ko 12 da 84, na biyun ya fi sauƙi ga sarƙa, muddin babban faifan bai kusa taɓa ƙasa ba.

Abin da lambobin sarƙa ke nufi

Abin da ya raba sarƙoƙin shi ne tazarar da ke tsakanin fil da fil. A 219 milimita 7.77 ce. A 35 milimita 9.525 ce, wato kashi uku cikin takwas na inci. A 420 da 428 rabin inci ce, milimita 12.7, irinsu ne a jikin yawancin ƙananan baburan da ke yawo a ƙasar nan.

Sabon shiga yakan ɗauka cewa wadda ta fi kauri ita ta fi, tunda ba za ta tsinke ba. Girman taya ne ke rushe wannan tunani. Tayar baya ta kat ba ta wuce santimita 27 zuwa 28 a tsaye ba. Faifan 219 mai haƙora 80 faɗinsa kusan santimita 20 ne, saura 'yar tazara tsakaninsa da kwalta. A wannan faɗin, sarƙar 35 haƙora 65 kawai za ta samu, 428 kuwa wajen 50. Da za a ƙera faifan 428 mai haƙora 80, zai haura santimita 32, ya fi tayar kanta girma. Ke nan injin da ke juyi 14,000 ko 16,000, irin IAME X30, wanda ke buƙatar lissafi na wajen bakwai ko fiye, ba shi da mafita sai ƙaramar sarƙa. Ƙari a kan haka ta fi sauƙin nauyi, kuma matakanta ƙanana ne, ana iya gyara lissafi kaɗan-kaɗan.

Sarƙar 35 ta yi ƙarfi a Amurka, musamman a kan injuna masu juyi a hankali irin Briggs & Stratton LO206, wanda aka iyakance a 6,100. Shi lissafinsa na wajen uku da rabi zuwa huɗu da wani abu, don haka bai damu da cunkoson haƙora ba. Faifanta na baya sau da yawa biyu ake raba shi, ana cirewa ba tare da an kwance taya ba, kuma tana yafe ɗan karkacewa fiye da 219. Duk da haka da yawa cikin masu LO206 sun koma 219 saboda ƙananan matakan nan. Ita kuwa 428 tana wurin KZ, inda akwatin giya ya riga ya rage juyi kafin ya iso sarƙa kuma fizgar canjin giya ke da ƙarfi, sai kuma motocin haya da ake so su yi wata da watanni suna aiki.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne haɗa 420 da 428 don tazararsu ɗaya. Rolar 428 ta fi kauri, cikinta ya fi faɗi. Sarƙar 420 ba ta zama daidai a faifan 428, kuma ko an tilasta ta hau, ba za ta daɗe ba.

Mai zoben roba ko maras shi

Cikin kowace lamba akwai iri biyu. Ɗaya na da ƙananan zobban roba a gefen kowane fil, waɗanda ke riƙe man da kamfani ya sa a ciki su kuma hana datti shiga. Ɗayar ba ta da su. Kamfanoni irin su RK, DID da EK na Japan da Regina na Italiya duk suna yin sarƙar kat.

Masu son maras zobe suna cewa robar na riƙe sarƙa, kuma a ajin yara ko na ƙananan injuna, inda ƙarfin dokin bai taka kara ya karya ba, duk abin da aka rasa a sarƙa an rasa shi ke nan. Idan aka ɗaga mota aka juya taya da hannu, lallai maras zobe ta fi sakin jiki. Ɗaya ɓangaren na amsawa da cewa wannan gwajin a sanyi ne. Da sarƙa ta ɗau zafi bambancin na raguwa, kuma maras zobe mai da aka fesa mata yakan watse kafin a gama tsere mai tsawo, ta koma tana gudu a bushe. A kan injuna masu ƙarfin doki wajen 30, da yawa na zaɓen mai zobe don kada ta tsinke ana tsakiyar gasa.

Hujjojin duka biyu na da ƙarfi, sai dai an gina su ne a filayen Turai da Amurka. A Abuja da Jos akwai hunturu. Daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu ƙura na sauka a kan komai, kuma idan ta haɗu da man sarƙa sai ta zama abin goge ƙarfe, tana shiga tsakanin fil da bushin, wato ɗan bututun da fil ke juyawa a ciki, tana ci. A irin wannan yanayi ma'auni ya fi karkata ga mai zobe, sai fa ga wanda zai iya wanke sarƙa ya sake mata mai bayan kowace fita. Mai zoben ma tana da sharaɗi: fetur na lalata robar, kananzir ko man wankin da aka yi dominta ake so.

Gardamar saiti: a bar inji ya kai iyaka ko a rage?

Wata makarantar na cewa a zaɓi faifan da zai sa inji ya kai iyakar juyinsa daf da wurin taka birki a hanya mafi tsawo. Idan ya kai tun da saura nisa, ana jin sa yana yankewa, an yi asarar gudu. Idan bai kai ba sam, an bar tashi a banza. Wata makarantar kuma na cewa hanya mai tsawo ɗaya ce a fili, kwana kuwa goma ne ko fiye, don haka gara inji ya buga iyaka na daƙiƙa ɗaya ko biyu a ci riba a duk sauran wuraren. Masu LO206 da yawa na bin wannan ra'ayi a filaye masu yawan lanƙwasa. Na Rotax kuwa sukan yi akasin haka, domin ƙarfin injin na raguwa tun kafin ya kai iyakarsa, ba riba a matsa masa.

Ranar gwajin lokaci da ranar tsere ma ba ɗaya ba ne. Wanda ke bin bayan wata mota iska ba ta tare shi sosai, gudunsa na ƙaruwa, kuma idan injinsa ya riga ya buga iyaka ba shi da abin wucewa. Saboda haka wasu kan rage haƙori ɗaya idan za su tashi daga tsakiyar jeri. Nauyin direba na shiga lissafi, haka ma ƙwarewarsa: wanda ke ratsa kwana da gudu na iya ɗaukar ƙaramin faifai, sabon hannu da ke yawan taka birki na buƙatar babba. Shi ya sa kwafar lambar wanda ya zo na ɗaya ba ta cika yin amfani ba.

A ruwan sama ra'ayi ya sake rabuwa. Mafi yawa na ƙara haƙora da dama, tunda gudun kwana ya faɗi kuma inji na neman nutsewa. Wasu kuwa ba sa ƙarawa sosai, suna tsoron taya ta riƙa juyawa a banza a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Agogo ne ke raba gardama a duk waɗannan: a canza abu ɗaya, a yi zagaye biyar ko shida, a rubuta lokaci da mafi ƙarancin juyi da mafi yawansa, sannan a sake.

Iskar Jos ba ta Abuja ba ce

Jos na kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200 daga saman teku, tsakiyar Abuja kuwa ba ta kai rabin haka ba. A tsawon Jos nauyin iska ya ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari idan aka kwatanta da bakin teku, kuma injin da ke shaƙar iska da kansa ƙarfinsa na raguwa kusan gwargwadon haka. Sanyin garin na mayar da kaɗan daga abin da aka rasa, kamar yadda zafin Maris a Abuja ke rage wa inji numfashi duk da garin na ƙasa. Motar da aka saita a Legas ko aka kwafo lambobinta daga wani fili a Italiya za ta yi nauyin tashi a Jos. Gyara na farko a kafireta yake, a rage mai ya dace da iskar da ke akwai. Bayan nan ne ake duba ko za a ƙara haƙori ɗaya ko biyu a baya. Wanda ya fara da faifai alhali inji na shan mai fiye da kima yana maganin abin da ba shi ne ciwon ba.

Ɗauri, saiti da lalacewa

Ba a ɗaure sarƙar kat tamau. Tunda babu shokazoba, firam ɗin ne ke lanƙwasa a kwana har tayar baya ta ciki ta ɗan ɗaga, kuma tazarar inji da aksul na motsi. Ana barin sarƙa ta yi wasa sama da ƙasa kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ta hanyar zame inji gaba ko baya a kan mazauninsa. A juya taya a duba wurare da dama, domin faifai ba ya rasa inda ya ɗan fi tudu. A wurin da ta fi tsauri ake aunawa. Idan ta yi tsauri tana cin boris ɗin kuloci da na inji, idan ta yi sako-sako tana tsalle ta fita. Faifan biyu kuma su kasance a layi ɗaya. Idan gefe ɗaya na haƙoran alminiyam ya yi ƙyalli ɗayan bai yi ba, akwai karkata.

Abin da ake kira miƙewar sarƙa ba ƙarfen ne ke miƙewa ba, fil da bushin ne ke cinyewa. Ana iya aunawa: gaɓa 20 na sabuwar 219 milimita 155.5 ne, idan sun kai 157 an ci kashi ɗaya cikin ɗari, kuma mai tsere ba ya jira ta wuce haka da yawa. Hanya mai sauri ita ce a ja sarƙar daga bayan babban faifai; idan ta ɗaga har ana hango rabin haƙori, ta gama. Haƙoran da suka yi tsini ko suka lanƙwasa gefe guda za su lalata sabuwar sarƙa cikin ɗan lokaci. Mai kuma ta cikin sarƙa ake fesa shi, a ba shi 'yan mintuna ya shiga kafin a fita. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda ake yawan shafa wa sarƙar babur, ba ya zama a sarƙar da ke wannan gudu, kuma faifan birki na nan kusa a kan aksul ɗin.

Abin da wannan ke nufi ga mai haɗawa a gida, mai fili da iyaye

Yawancin matasan da ke haɗa kat a wajen mai walda ba injin tsere suke samu ba. Injin ban ruwa ko na markaɗe ne, Honda GX200 mai cc 196 ko kwafinsa na Sin, wanda gwamnansa, wato na'urar da ke iyakance juyinsa, ke tsayar da shi a juyi 3,600. Gare su 420 ko 428 ta fi dacewa, don ana samunta da faifanta wajen masu kayan babur, a Apo ta Abuja ko a Dilimi ta Jos, ba sai an yi odar 219 da dala an jira ba. Inda suke faɗawa rami shi ne taya. Da 12 a gaba da 60 a baya da tayar kat ta asali, gudun zai tsaya wajen kilomita 38 a awa, mota na tashi lafiya. Idan aka sa tayar Keke Napep, mai kewayen kusan mita 1.3, lissafin nan zai ba da 56, amma kulocin da ke gama kamawa wajen juyi 2,000 ba zai kama sosai ba sai mota ta kai kusan 30. Duk tafiyar da ke ƙasa da haka zamewa yake yi, ya yi zafi, ya yi wari, ya ƙone. Maganin shi ne lissafi ya hau zuwa bakwai da rabi ko fiye, ko da babban faifai ko da ƙarin sanda a tsakiya mai rage juyi sau biyu. Cire gwamna don neman gudu kuwa haɗari ne, domin ba a yi fulawil ɗin waɗannan injuna, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da inji, don juyi mai yawa ba.

Mai filin haya lissafinsa daban. Ba ya neman daƙiƙa, yana neman motoci su yi daidai da juna su kuma daɗe. Idan ɗaya na da sabon faifai ɗaya na da cinyayye, ko tayoyinsu sun bambanta a lalacewa, kwastoma zai gane, kowa ya riƙa rububin mota guda.

Ga iyayen da yaransu ke son shiga gasa, a fara karanta dokar ajin kafin a sayi komai. Wasu gasanni na ƙayyade faifan gaba, wasu na ƙayyade duka biyun a azuzuwan yara, don rage kashe kuɗi da kuma hana gudun ya wuce kima. Inda aka yi haka, tarin faifai ba shi da amfani, kuɗin ya fi kyau a sarƙa mai inganci da man feshi.

Dokokin hukumar CIK-FIA, mai kula da wasan a duniya, sun wajabta murfi a kan sarƙa, kuma a nan ne kat ɗin gida da wasu na haya suka fi gazawa. A gudun kilomita 40 kacal, aksul na juyawa fiye da sau goma sha biyu a daƙiƙa, a bayan kujera, tazarar hannu daga wuyan direba. Gyale, hijabi mai tsawo, bakin babbar riga, rawani ko gashin da ba a tufke ba, duk abin da ya taɓa shi naɗewa yake yi kafin a kai ƙafa birki. Kafin a biya kuɗin hawa, a leƙa bayan kujera a ga ko sarƙa da aksul a rufe suke, a kuma cusa duk wani abu mai lilo cikin riga ko a cire shi.